Citta da Sauran Magungunan Gargajiya a Kula da Ciwon Suga: Waiwaye a Ƙasar Jabo, Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gurbin citta da wasu tsirrai a fagen kula da ciwon suga, tare da ɗora bayanin a kan ƙasar Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal da maƙwabciyarta Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato. An bi hanyar bitar rubuce-rubucen masana al'ada da na likitanci, da kuma ƙwanƙwance kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a sha'anin cuta da magani. Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe ya ajiye ciwon suga a tsohon gurbin "zaƙi", shi ya sa ya nemi maganinsa a cikin masu ɗaci, alhali ita citta tun asali a gurbin maganin "sanyi" take. Ta kuma nuna cewa gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun ba citta da 'yan uwanta matsayin mataimaka kawai, ba su tabbatar da cewa suna warkar da ciwon ba. A ƙarshe an fito da wuraren da hatsari yake, da aikin da ya rataya a wuyan manazarta Hausa.

Fitilun kalmomi: citta, ciwon suga, zaƙi, ɗaci, maganin gargajiya, Jabo

1.0 Gabatarwa

Ciwon suga yana cikin cututtukan da suka zama ruwan dare a wannan zamani. Tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da ciwon suga ta duniya, wato IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kimanin miliyan 3.6 kuma a Nijeriya. Wannan ƙiyasi ya nuna cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. A ƙauyukan ƙasar Hausa, wanda ya san yana da shi ma yakan tsaya tsakanin hanyoyi biyu: ƙwayar asibiti da za a riƙa saye wata bayan wata, da kuma jiƙo ko garin magani da ake samu a kasuwar ƙauye da kuɗi kaɗan. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada, hanya ta biyu ta ƙara samun masu bin ta.

A cikin abubuwan da ake yawan ambata a wannan hanya akwai citta. Ana jin sunanta a bakin masu tallar magani, a shagunan magungunan Musulunci, da saƙonnin da ake turawa ta WhatsApp da Facebook. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda citta da sauran tsirrai suka sami wannan matsayi a tunanin Bahaushe, da abin da bincike ya tabbatar game da su, domin a bambance abin da zai taimaki majinyaci da abin da zai jefa shi cikin halaka.

2.0 Ƙasar Jabo da Tsarin Neman Magani

Jabo gari ne a ƙaramar hukumar Tambuwal. Shi kuwa garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato, kuma tarihinsa na ribaɗi yana da alaƙa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum fiye da 220,000, ta ba Kebbe fiye da 120,000. Mafi yawan mazauna garuruwa irin su Jabo, Dogon Daji, Sanyinna, Kuchi da Margai manoma ne da makiyaya, kuma abincinsu ya dogara ga gero, dawa, shinkafa, masara, wake da nono.

Wannan yanayin rayuwa yana da tasiri a kan ciwon. Binciken da Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka buga a 2011 ya sami ciwon suga a jikin kashi 4.6 cikin 100 na Fulanin birni a Sakkwato, wanda suka buga a 2013 kuwa ya sami kashi 0.8 kacal a tsakanin Fulanin karkara. Asalin mutanen ɗaya ne, bambancin yana ga abinci da motsa jiki da ƙiba. Garuruwan bakin hanya irin Tambuwal da Jabo suna tsakanin waɗannan rayuwoyi biyu: babur ya rage tafiyar ƙasa, injin niƙa ya rage daka, lemon kwalba da burodi da taliya sun shiga kowace kasuwa.

Ta fuskar magani, wannan yanki ya gaji tafarki biyu. Na farko shi ne na gargajiya tsantsa, wanda ke hannun bokaye, 'yan magori, 'yar mai ganye, wanzamai, mafarauta da ungozomomi. Na biyu shi ne ɗibbu na rubuce da malaman jihadi suka bari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magani, ciki har da Al-Mawarid al-Nabawiyya fi al-Masa'il al-Ɗibbiyya da wani ɗan littafi a kan maganin basir, kamar yadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalih al-Insan. Abdalla (1997) da Bunza (1995) sun yi bayanin yadda waɗannan tafarkuna suka cuɗanya. Majinyacin wannan yanki yakan haɗa su da asibiti ba tare da ganin wani karo a tsakaninsu ba.

3.0 Ciwon Suga a Ilimin Likita da Tunanin Bahaushe

A ilimin likita, duk abincin da ke da sitaci, ko tuwo ne ko shinkafa ko rogo, yana narkewa a hanji ya koma wani nau'in suga mai suna gulukos, wanda ke shiga jini. Wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, tana samar da sinadarin insulin, shi ne ke buɗe wa gulukos hanyar shiga tsoka da sauran sassan jiki. Idan jiki ya daina samar da insulin, an sami nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa. Idan kuwa insulin ɗin ya gaza, ko jiki ya daina jin sa yadda ya kamata, an sami nau'i na biyu, wanda ya ƙunshi fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Akwai kuma wanda ke bayyana lokacin goyon ciki. Ana tabbatar da ciwon idan awon jinin wanda bai karya kumallo ba ya kai miligiram 126 a desilita, ko kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya kai kashi 6.5. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin ido, ƙoda, zuciya da ƙafa.

Sunan da Bahaushe ya ba ciwon, "ciwon suga" ko "ciwon sukari", an gina shi ne a kan kalmar aro, amma tunanin da ya karɓi sunan tsoho ne. Tun kafin asibiti, Bahaushe yana da gurbin "zaƙi" a cikin musabbaban cuta. Yana ganin yawan zaƙi da maiƙo na tayar da basir, kuma mata masu tsohon ciki kan sha "maganin zaƙi" bisa imanin cewa zaƙin da ya taru a mara yana tsawaita naƙuda. Wall (1988), wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, ya tattauna irin wannan tunani. Abokin gabar zaƙi a wannan tsari shi ne ɗaci. Don haka da sabon ciwo ya zo da sunan suga, sai aka miƙa hannu ga maɗaci, shuwaka, garafuni da darbejiya.

Wannan suna ya haifar da kuskure iri biyu. Na farko, majinyaci kan ɗauka cewa abin da ya yi zaƙi a harshe shi kaɗai ne abin gudu, sai ya bar suga a shayi amma ya ci malmala uku ta tuwon shinkafa, alhali tuwon gulukos zai koma a jini. Na biyu, yakan ɗauka cewa duk abin da ya fi ɗaci ya fi ƙarfin kashe suga. Ɗaci ɗanɗano ne da harshe ke ji. Idan wani tsiro mai ɗaci ya rage suga, wani sinadari ne a cikinsa ya yi aikin, kuma akwai masu ɗaci da yawa da guba ce a cikinsu.

4.0 Citta

4.1 Suna da Asali

Kalmar "citta" ta ƙunshi tsirrai biyu a Hausa. Akwai citta mai ƙwaya, wadda masana tsirrai ke kira Aframomum melegueta, 'yar asalin Afirka ta Yamma. Akwai kuma citta mai yatsu ko cittar Aho, wato Zingiber officinale, wadda asalinta kudu maso gabashin Asiya ne. Dalziel ya kawo wannan bambanci a cikin ƙamusunsa na sunayen tsirrai na 1916. Ta biyun ita ce abin magana a nan. Ba a noma ta sosai a ƙasar Sakkwato domin tana son damina mai tsawo. Mafi yawan wadda ke kasuwannin Arewa daga kudancin Kaduna take fitowa, musamman Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a, inda manoma suka san iri biyu, tafin giwa da yatsun biri. Annobar da ta afka wa gonakin citta a can a daminar 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo a ko'ina.

4.2 Gurbinta a Al'ada

A ɗakin Bahaushiya citta tana cikin kayan yaji, tare da kanumfari, masoro, kimba da barkono. Da ita ake ƙamshin fura, kunu, zoɓo, yajin jego da shayi. A matsayin magani kuwa, an san ta da korar sanyi: mura, tari, sanyin ƙashi, kumburin ciki da tashin zuciya. Etkin da Ross (1982), waɗanda suka yi nazari a wani ƙauye na ƙasar Kano, sun nuna cewa a wurin Bahaushe babu katanga tsakanin abinci da magani, abu ɗaya kan zama cima da safe ya zama magani da dare. Citta misali ce ta wannan. Ta kuma sami daraja ta fuskar addini, domin an ambaci zanjabil a Suratul Insan, aya ta 17, kuma Ibnul Ƙayyim ya kawo ta a babin ɗibbu na Zadul Ma'ad a matsayin mai ɗumama jiki da taimakon narkewar abinci.

Abin lura shi ne citta ba ta da ɗaci, yaji gare ta. Saboda haka ba ta hanyar karon zaƙi da ɗaci ta shiga jerin magungunan suga ba. Wannan maƙala tana ganin cewa ta shigo ne ta ƙofa biyu na baya-bayan nan: shagunan magungunan Musulunci masu haɗa ta da hulba da habbatus sauda da zuma, da kuma labaran binciken waje da ake taƙaitawa a intanet, a jefar da sharuɗɗansu, a bar kanun labarin.

4.3 Abin da Bincike ya Nuna

Ɗanyar citta tana ɗauke da sinadarai masu yaji da ake kira jinjarol, waɗanda wani kasonsu ke rikiɗa zuwa shogawol idan an busar da ita ko an dafa ta. Gwaje-gwajen ɗakin bincike da na dabbobi sun nuna cewa waɗannan sinadarai na iya taimaka wa tsoka ta jawo gulukos daga jini, su kuma rage saurin narkewar sitaci a hanji. Sai dai abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ne ya yi a jikin mutum ba, shi ya sa ake dogara ga gwajin da aka yi da majinyata.

Da yawa daga cikin irin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a Iran, a kan masu nau'i na biyu. Khandouzi da abokansa (2015) sun ba majinyata giram 2 na garin citta kullum har mako 12, suka ga sugan safe da HbA1c sun ragu. Mahluji da abokansa (2013) sun ba da giram 2 na wata biyu, ba su ga wani canji a sugan safe ba. Da Huang da abokansa (2019) suka tattara gwaje-gwaje 8 masu ɗauke da mutum 454, sai suka sami ɗan sauƙi a HbA1c, amma ba su sami bambanci mai ƙarfi a sugan safe ba. Abubuwa uku suka fito daga nan. Gwaje-gwajen ƙanana ne kuma gajeru, galibi ba su wuce wata uku ba. An yi amfani da awo sananne, galibi tsakanin giram 1.6 zuwa 3 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Sannan galibin majinyatan ba su bar maganin asibiti ba, a kansa aka ɗora cittar. Babu gwajin da ya nuna cewa citta ta maye gurbin ƙwaya ko allurar insulin.

4.4 Hanyar Sha

A nan al'adar ci take da muhimmanci fiye da sinadari. A ƙasar Hausa da wuya a sha citta ita kaɗai. Lemon citta da zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da ake ƙullawa a leda duk da suga ake haɗa su, shayin teburin mai shayi kuma da suga da madara mai zaƙi. Ƙaramin cokali ɗaya na suga ya kai giram 4, kuma kofi guda kan ɗauki da yawa. Wanda ya sha irin wannan da niyyar magani, abin da sugan zai ƙara masa ya ninka abin da cittar za ta rage. Idan za a yi amfani da ita, a tafasa ta zalla ko a barbaɗa garinta a miya. Yawanta na jawo ƙwannafi da zawo, kuma masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin su nemi shawarar likita tukuna.

5.0 Sauran Tsirrai

Binciken da Shinkafi da abokansa suka buga a 2015 a kan tsirran da Hausawa da Fulanin Sakkwato ke amfani da su don ciwon suga ya tattara fiye da tsiro 50, kuma marga da zogale ne suka fi yawan fitowa a bakin masu magani. Za a iya kasa waɗannan tsirrai gida uku.

Kashi na farko su ne ganyayen ci, irin su zogale, shuwaka, yaɗiya da tafasa. Zogale ya yi suna ƙwarai, amma wani gwaji da aka yi a Tailan a 2017, inda aka ba majinyata giram 8 na garin ganyen kullum har mako huɗu, bai nuna raguwar suga ba. Duk da haka amfanin waɗannan ganyaye a fili yake ta fuskar cima. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, idan ba a zuba masa suga ba, yana cika ciki ya rage yawan tuwon da za a ci, kuma sarrafa abinci ginshiƙi ne a kula da ciwon.

Kashi na biyu su ne kayan da suka zo ta hanyar fatauci da ɗibbu: hulba, habbatus sauda da kirfa. Hulba tana da wani yauƙi mai jinkirta shigar gulukos cikin jini, kuma nazarin da Neelakantan da abokansa suka yi a 2014 a kan gwaje-gwaje 10 ya nuna tana rage suga, tare da gargaɗin cewa ingancin yawancin gwaje-gwajen bai kai ba. Bamosa da abokansa (2010) a Saudiyya sun ga sauƙi ga waɗanda suka ɗora giram 2 na habbatus sauda a kan maganinsu har wata uku. Game da kirfa, bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2012 ba ta sami isasshiyar hujja ba, kuma irin da ya fi yawa a kasuwa yana da sinadarin kumarin mai wahalar da hanta idan ya yi yawa. Zuma da dabino suna da darajarsu a addini da al'ada, sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na zuma nau'o'in suga ne, don haka mai wannan ciwo da awo zai taɓa su.

Kashi na uku su ne saiwoyi da sassaƙe da ganyaye masu ɗaci na daji: marga, maɗaci, marke, sabara, ɗanya, garafuni, darbejiya da tumfafiya. Yawancin abin da aka sani game da su daga gwajin dabbobi ya fito. Ɗan uwan garafuni na Asiya an gwada shi a kan mutane, amma bitar Cochrane ta 2012 ta ce hujjar ba ta isa ba. A wannan kashi hatsari ya fi yawa. Saiwar marga tana sa gudawa, mai ciwon suga kuwa dama yawan fitsari ya rage masa ruwan jiki. Man darbejiya yana da guba ga yara ƙanana. Tumfafiya tana da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, ƙaronta kuma yana illata ido.

Wannan bayani bai rage darajar tsirrai ba. Metfomin, ƙwayar da aka fi ba masu nau'i na biyu a duniya, tushenta wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis da magabatansu suka sha a gargajiyance. Tsiron kansa yana da guba, sai da aka bi diddigin sinadarinsa, aka gyara, aka auna, kafin likitan Faransa Jean Sterne ya gwada maganin a kan majinyata a 1957. A Nijeriya ma cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar da Niprisan don ciwon sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Hanyar da tsiro ke bi ya zama amintaccen magani ke nan.

6.0 Inda Hatsari Yake

Hatsari na farko shi ne barin maganin asibiti. Ciwon suga yana iya yin shekaru yana ɓarna ba tare da zafi ba, don haka jin daɗin jiki ba shaida ba ne. Ga mai nau'i na ɗaya, barin insulin na 'yan kwanaki na iya kai shi ga suma da rasa rai. Kafin Banting da Best su gano insulin a Toronto a 1921, yaran da suka kamu ba sa daɗewa, duk da ganyayen da duniya ta sani a lokacin.

Na biyu shi ne haɗa jiƙo da ƙwaya a ɓoye. Wasu magunguna, irin su gilibenkilamaid da insulin, suna iya saukar da suga fiye da kima, kuma jiƙo na iya ƙara wannan. Idan suga ya sauka ƙasa da 70, ana ganin rawar jiki, gumi, yunwa, bugun zuciya da ruɗewa, har a zaci iska ce ta taɓa mutum. A wannan hali suga shi ne magani: a narka ƙaramin cokali uku ko huɗu a ruwa a ba shi idan yana iya haɗiya. Wannan ya fi aukuwa a watan azumi, shi ya sa ƙa'idojin likitoci suka ce mai ciwon ya karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Na uku shi ne rashin awo. Ma'aunin gargajiya shi ne ludayi, kofi, dintsi da "a sha har fitsari ya yi fari", alhali ƙarfin sassaƙe yana bambanta daga bishiya zuwa bishiya, daga rani zuwa damina. Ƙodar mai ciwon suga kuwa dama tana cikin rauni. Garin maganin da aka ƙulla ma ba a san abin da ke ciki ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano kayan da ake tallatawa da sunan ganye zalla alhali an cusa musu ƙwayoyin asibiti. A Nijeriya, lambar da hukumar NAFDAC ke ba maganin gargajiya a matakin farko tana nuna an duba rashin cutarwarsa ne, ba tabbacin yana warkarwa ba.

Na huɗu ya shafi ƙafa, kuma ya fi kusa da manomi. Ciwon kan kashe jin ƙafa, sai ƙaya ko faso na hunturu ya zama gyambo ba a ankara ba. Gyambon da ya ƙi warkewa kuwa akan danganta shi da sammu ko jifa, a yi ta shafe-shafe da tsaga da ƙaho har ƙafa ta ruɓe. Kafin a isa babban asibitin Tambuwal ko asibitin koyarwa na Sakkwato, sau da yawa sai dai yankewa.

7.0 Aikin Manazarta Hausa

Kaso mai yawa na wannan matsala a harshe yake. Mai tallar magani da lasifika a ranar kasuwa yana amfani da kalmomi irin su "mujarrabi", "sadidan", "sha yanzu magani yanzu" da "rabuwa har abada". Ma'aikacin asibiti kuma yakan ce "ba a warkewa", maganar da a kunnen Bahaushe ta yi kama da yanke ƙauna, ta kuma ci karo da imaninsa cewa kowace cuta tana da magani. Tsakanin waɗannan maganganu biyu, majinyaci zai bi mai ba shi fata. Alhali Hausa tana da kalmomin da suka fi dacewa: "sauƙi", "lafawa", "lallaɓawa". Gwajin DiRECT na Birtaniya ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na masu nau'i na biyu da suka bi tsarin rage ƙiba sun sami daidaituwar suga ba tare da ƙwaya ba bayan shekara guda, kuma masu binciken lafawa suka kira abin, domin yana iya dawowa.

Don haka akwai ayyuka uku a gaban manazarta. Na farko, daidaita kalmomin faɗakarwa, ta yadda za a fahimtar da jama'a cewa tuwo ma suga ne a jini. Na biyu, taskace sunayen tsirrai da karin harshen kowane yanki, domin bishiya ɗaya kan amsa darbejiya a nan, dogon yaro ko bedi a can, suna ɗaya kuma kan hau tsirrai biyu kamar yadda aka gani a citta. Kuskuren suna a wannan fage kuskuren magani ne. Na uku, haɗa hannu tsakanin Cibiyar Nazarin Hausa da Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin a tattara ilimin masu maganin Jabo, Tambuwal da Kebbe da yardarsu, a gwada shi, a kuma kiyaye musu haƙƙinsu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun citta daga kayan yaji zuwa jerin magungunan ciwon suga, ta nuna cewa tunanin zaƙi da ɗaci ne ya tsara yadda Bahaushe ya karɓi ciwon, kuma citta ta shigo jerin daga baya. Hujjar da ke hannu ta ba citta, hulba da habbatus sauda matsayin mataimaka ga masu nau'i na biyu, da awo kaɗan, ba tare da suga ba, a kan maganin asibiti kuma da sanin likita. Ganyayen ci suna da amfani a matsayin cima, saiwoyi da sassaƙe masu ɗaci kuwa suna buƙatar gwaji kafin a amince da su. Alƙalin kowane magani, na asibiti ko na gargajiya, shi ne awon jini. Samar da na'urar awo da takardunta a ƙananan asibitocin Jabo da ƙauyukan Kebbe, da koya wa masu maganin gargajiya alamomin da za su sa su tura majinyaci asibiti da wuri, shi ne matakin da ya fi kusa da hannu.